Bangon da ya sha ruwa ba a yi masa gaggawar fenti

Ka tambaye ni abin da ya sa na hana ka buɗe bokitin fenti a gidan Hajiya na unguwar Alajo a nan birnin Akara na Ghana, alhali ruwan ambaliya ya janye, mun kwashe taɓo, mun wanke ɗakuna, kai kuma ka shafa bango ka ji shi a bushe. Ka ce tsoronka kar ta gaji da jira ta kira wani. To, ɗana, saurara da kyau, domin wannan tambayar ita ce rabin sana'ar nan.

Tafin hannunka fatar bango kawai yake taɓawa. Bulon da ake gini da shi a garin nan yashi ne da siminti, kuma masu buga shi da yawa suna ƙwauron simintin, shi ya sa yake shan ruwa kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ruwan da ya kwana a ɗakin nan ya kai gwiwa, ka ga layin da ya bari. Amma bai tsaya a layin ba. Bulo yana jan ruwa sama a cikinsa, ya wuce inda ido ya gani da taƙi ɗaya ko fiye. Fanka ta busar da filastar waje cikin kwana biyu, ciki kuwa yana nan sharkaf. Tsofaffin magina suna da ƙiyasi: bangon da aka bari ya bushe da kansa, kowane inci na kaurinsa wata guda yake ci. Bulonmu inci 5 ne ko 6, ga filasta ciki da waje. Sannan ka tuna watan da muke ciki. A Yuni danshin iskar Akara yakan haura kashi 80 cikin 100, ko rigar da ka shanya a igiya sai ta wuni ba ta bushe ba. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba za ta karɓi na bango ba. Da a hunturu ne, da rabin wahalar nan babu.

In ka shafa fenti yanzu, musamman fentin mai, ka toshe wa ruwan ƙofar fita. Shi kuwa dole ya fita. Zai turo fentin ya kumbura ya ɓare, ya fito da farin gishirin nan da kake gani a gindin bangon gidaje, filasta ta riƙa zuba in an taɓa. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya fi damuna shi ne fumfuna. Kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta fara kamawa a wurin da ke da laima, kuma inda ba a kallo take so, bayan durowa, ƙarƙashin gado, cikin silin. Jikokin Hajiya a ɗakin nan suke kwana. Yaron da ke da asma in ya kwana yana shaƙar wannan, tari ba zai bar shi ba, kuma ba wanda zai ce daga bango ne, sai a yi ta sayen magani.

Saboda haka ba ma yarda da ido, aunawa muke yi. Na'urar auna danshin nan da ka ga ina dannawa a bango, kada ka tsaya kan lambar da ta nuna ita kaɗai. Ka fara auna bangon da ruwa bai taɓa ba, can sama kusa da silin ko a wani ɗaki, sannan ka auna na ƙasa. Sai lambobin biyu sun kusanci juna za ka ce an bushe. Ran da ba na'ura a hannunka, leda ta isa. Yanko ta kamar ƙafa ɗaya da rabi kowane gefe, ka manna a daɓe ko a bango, ka like gefe huɗun da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta aƙalla awa 16. In ka ɗaga ka ga gumi a jikinta, ko simintin ya yi duhu, da sauran aiki. Tayil kuma ƙwanƙwasa shi za ka yi da gindin sukundireba. Wanda ya yi ƙarar holoƙo ya saki, ruwa na kwance a ƙarƙashinsa, sai an ɗaga.

Na ga ka buɗe tagogi jiya injin tsotse danshi yana aiki. In injin na kunne, rufe ɗaki ake yi ruf, in ba haka ba iskar unguwa gaba ɗaya kake sa shi ya busar. In ba inji, sannan ne ake buɗe ko'ina lokacin da rana ta fito, a sa fankoki su riƙa kaɗa iska a jikin bango, a rufe da yamma. A janye kaya daga bango, a ɗaga ledar ɗaki, a cire katakon gindin bango. Inda filasta ta ruɓe a sassaƙe ta har sama da layin ruwa, bulo ya sha iska. In an ɗauke wuta ka tada janareto, a waje za ka ajiye shi, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mutum a cikin barci ba tare da ya ji warin komai ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ka riƙa tambayar kanka tun kafin ka sa ƙafa a gida: wane irin ruwa ne? Bututun tanki ya fashe ya jiƙa ɗaki, wannan ruwa ne mai tsabta, in an zo da wuri kusan komai zai tsira. Na Alajo ba haka yake ba. Unguwar tana inda rafin Onyasiya ke haɗuwa da kogin Odo, kuma duk abin da kwatocin gari suka kwaso, da na masai, da na sokawe da ya tumbatsa, da baƙin man gareji, shi ne ya shigo ɗakin. Najasa ce, kuma cuta ce. Kwalarar da ta yi wa Akara ɓarna a 2014 ta hanyar ƙazantar ruwa da abinci ta yaɗu. Shi ya sa ba na barin ka shiga ba takalmin roba, safar hannu da takunkumi, ko da zafi zai dame ka. Kuma ba ka shiga ruwa sai an kashe wuta daga babban makunni, ba a maida ita sai mai gyaran lantarki ya buɗe soket ɗaya bayan ɗaya ya duba. In ka ji warin fetur a kan ruwa, fita, ka fitar da kowa. Daren 3 ga Yuni 2015, man da ya malalo bisa ruwan ambaliya a gidan mai na Sakul, shataletalen Kwame Nkrumah, ne ya kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Irin wannan ruwan, duk abin da ya tsotse shi ba ya wankuwa. Katifar soso, kafet, filo, kujerar kushin, da durowar nan ta garin katako da aka matse, wadda take kumbura ta wargaje, duk sai dai a zubar. Faɗa wa mai gida haka ya fi kwasar taɓo wuya, domin wata katifar shekara aka yi ana tara kuɗinta. Ka faɗa da ladabi, amma kada ka sassauta. Katako na gaske dabam ne. Ƙofar odum in an wanke ta aka jingine a inuwa za ta dawo daidai, kada dai a kai ta rana ta tsage. Katakon wawa shi ne ba ya jure laima, da ya daɗe a jiƙe sai ruɓa da gara. Wanki kuma da sabulu ake farawa, a cire dattin, sannan a bi da bilic, kofi ɗaya cikin ruwa lita 20. Bilic a kan taɓo ɓarnar kuɗi ne. Kada ka kuskura ka gauraya shi da ruwan wanke masai, iskar da zai tayar tana ƙona huhu. Alƙur'ani da littattafan addini da najasa ta ratsa, kada ka haɗa su da shara. Ware su a wuri mai tsabta, a tambayi malamin unguwa yadda za a yi da su. Takardun gida da na makaranta ka ɗauki hotonsu da waya kafin ka fara rarraba su, don wasu tawadarsu za ta tafi.

Batun kar Hajiya ta kira wani, ba na musu, tana iya kira, kuma za a samu mai shafa mata fenti yau ɗin nan. Abin da ke wuyanmu shi ne mu nuna mata. Kira ta ta ɗaga ledar da hannunta ta ga gumin. Mutum in ya gani da idonsa, bayani kaɗan ya ishe shi. Ka gaya mata ɗaki ɗaya za mu fara busarwa da inji don su samu wurin kwana, sauran su biyo baya. In lokacin fenti ya yi, na ruwa za mu shafa ko farar ƙasa, waɗanda bango ke iya numfashi ta cikinsu, fentin mai sai bayan hunturu.

Kuɗin da ta ware na fentin mai kuwa, shawarata a sa shi inda zai yi amfani kafin ruwan Satumba da Oktoba ya sauko. A ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, a maida soket ɗin ƙasa su koma daidai ƙugu, a yashe kwatar bayan gida da ta cika da leda da yashi. Gobe da safe ka fara da auna bangon ɗakin yara, ka rubuta lambar da kwanan wata da fensir a jikin bangon, wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama. Daga nan ka auno min faɗin ƙofofin, mu san bulo nawa za mu saya.