Yadda ake cire shiru daga bidiyon fodkas ba tare da an gutsure magana ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi, kuma duk mako ni da abokina muna ɗaukar shirin fodkas na bidiyo, inda muke zama da dattawan Zango su ba mu tarihin unguwanni da sana'o'in da. Muna ɗauka da wayoyi biyu da makirufo biyu, kowane zama yana kai awa ɗaya, sannan in kwana ina yanke wuraren da aka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na gwada wata manhaja mai cire shiru da kanta, amma a faifai na farko ta gutsure kawunan kalmomi, a na biyu ba ta cire komai ba, a na uku kuwa motsin baki ya daina tafiya daidai da murya. Shin akwai hanyar da kwamfuta za ta yi mini wannan aiki ba tare da ta ɓata shirin ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanya tana nan, kuma matsalolin nan uku da ka lissafa kowace da dalilinta. Biyun farko tushensu ɗaya ne, shi ne cewa galibin waɗannan manhajoji ba su san magana ba, ƙarfin sauti kawai suke aunawa. Ana gindaya musu iyaka, duk inda sauti ya faɗi ƙasa da iyakar har na wani ɗan lokaci sai su kira wurin shiru su yanke. Ana auna ƙarfin da desibel, kuma a rikodin na kwamfuta sifili shi ne ƙololuwa, komai na ƙasa da shi da alamar debewa ake rubuta shi. Muryar da aka ɗauka da kyau takan yi yawo tsakanin -20 da -12, ɗaki mai natsuwa kuma gurnaninsa yakan kwanta wajen -55 ko -60. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce filin da manhajar ke aiki a ciki, kuma a unguwa irin taku filin nan yana da ƙunci ƙwarai.

Ɗauki faifanka na biyu, wanda ba a cire komai ba. Ina kyautata zaton ranar an ɗauke wuta, janaretan maƙwabta yana ruri, ko fanka tana juyawa a kanku, ko ruwa yana dukan kwanon rufi. Idan gurnanin ɗakin ya hau zuwa -35 alhali iyakar manhajar tana -40, to a wurinta ba a taɓa yin shiru ba tun daga farko har ƙarshe. Faifai na farko akasin haka ne: iyakar ta yi sama, har ta haɗa da sassan maganar da ba su da ƙarfi. Saboda haka kafin ka taɓa kowace manhaja, ka ɗauki al'adar yin rikodin na daƙiƙa 30 a farkon kowane zama, kowa ya kame bakinsa, kyamara da makirufo suna aiki. Ka buɗe wannan guntu a Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce, ka duba inda ma'aunin ya tsaya, sannan ka sa iyakarka desibel 6 zuwa 10 sama da shi. Lambar da ta yi maka aiki ranar Asabar da safe ba lalle ta yi ranar Laraba da yamma ba, lokacin da hon ɗin motocin haya na turoturo da na babura ya cika titi, don haka kowane faifai da nasa awon.

Akwai wata dabara da ke faɗaɗa filin. Wutar lantarki a Gana tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan bugun yakan shiga rikodin a matsayin gunji mai kauri, musamman idan wayar tana jone da caja lokacin ɗauka. Idan ka tace duk abin da ke ƙasa da 80 a ma'aunin bugun sauti, asalin gunjin da rugugin manyan motoci za su ragu sosai, muryar mutum kuwa kusan ba za ta rasa komai ba. Wasu ma sukan yi kwafi na musamman da suka wanke shi fes daga hayaniya, su ba manhaja ta nemo wuraren shiru a kansa, sannan su yi yankan a kan sautin asali, domin wankin da ya yi yawa yana sa murya ta koma kamar daga cikin tulu ake magana.

Yanzu ga batun kawunan kalmomi, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin Hausa tana da halayen da masu ƙera waɗannan manhajoji ba su yi lissafi da su ba. Kalmomin da ke farawa da s, sh, f ko h, irin su sai, shi, fa da har, iska ce ke fara fita kafin murya ta biyo baya, kuma iskar nan ba ta da ƙarfin da zai haura iyaka. Ƙarshen jimla ma haka yake: muryar Bahaushe tana gangarowa ne tun daga farkon jimla, ta yadda ne ko ce ko ba na ƙarshe yakan fito a raunane, ballantana a bakin dattijo da ya jingina baya ya yi nesa da makirufo. Na taɓa gyara wata hira inda tsohon ya fara da sanyin murya ya ce "ba na so", manhaja ta haɗiye ba ɗin, ya rage "na so", kuma da ban saurara da kunnena ba da an watsa akasin abin da bawan Allah ya faɗa. Sannan akwai baƙaƙe masu ɗauri, kamar a hatta, babba ko kakkarya, inda baki ke rufewa na ɗan ƙanƙanin lokaci a tsakiyar kalma. Idan ka ce wa manhaja ta yanke duk shirun da ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, to cikin kalmomi za ta riƙa shiga da almakashi.

Maganin wannan saituna biyu ne da kusan kowace manhaja take da su, ko da sunayensu sun bambanta. Na farko shi ne mafi ƙarancin tsawon shirun da za a taɓa, kuma ga hira da dattawa ba na sauka ƙasa da daƙiƙa 0.8, sau da yawa ma daƙiƙa ɗaya cur nake sawa. Na biyu shi ne ratar da ake bari a gefen magana, gaba da baya. Ni nakan bar 0.2 kafin magana ta fara da 0.4 ko 0.5 bayan ta ƙare, domin wutsiyar jimla ta fi kanta bukatar sarari. Da waɗannan lambobi, shirun daƙiƙa uku zai koma kamar kashi biyu cikin uku na daƙiƙa, wato an rage shi ne ba a shafe shi ba, kuma abin da ya kamata ka nema ke nan. Maganar da aka matse ta babu numfashi tana gajiyar da mai sauraro cikin mintuna kaɗan, ta kuma mayar da dattijo mai natsuwa tamkar mai tallar magani a tashar Kejetia.

Game da kayan aiki, idan ba ka tsoron rubuta umarni a kwamfuta, akwai manhaja ta kyauta mai suna auto-editor da aka gina domin wannan aiki. Idan ba ka canza mata komai ba, iyakarta kashi 4 cikin ɗari ne na cikakken ƙarfin sauti, wanda ya yi daidai da kusan -28, ratarta kuma 0.2, kuma wannan iyaka ta yi tsauri ga mai magana a hankali. Umarni irin wannan ya fi dacewa da aikinka: auto-editor hira.mp4 --edit audio:-35dB --margin 0.2s,0.5s --export resolve. Amfanin kalmar ƙarshen nan shi ne ba za ta fitar da sabon bidiyo ba, sai dai ta ba ka jerin yanka da za ka buɗe a manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve, ko a takwararta Premiere Pro idan ka sauya sunan, ka ga kowane yanka da idonka, ka janyo wanda ya ci magana ka mayar da shi. Wannan ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma idan aka ɗauke wuta ba ka yi asarar awa biyu na jiran kwamfuta ba. Manhajar FFmpeg mai sarrafa sauti da bidiyo ma tana da matatar silencedetect, wadda ke lissafo maka lokacin da kowane shiru ya fara da lokacin da ya ƙare ba tare da ta yanke komai ba, sai dai saitinta na asali -60 ne da daƙiƙa 2, wanda a Aboabo da wuya ya kama wani abu sai ka ɗaga shi. Abin da ke rage shiru a cikin Audacity kuwa sauti kaɗai yake taɓawa, don haka ya dace da shirin da za a saurara kawai. Idan ka yi amfani da shi a kan sautin bidiyo, hoton zai tsaya da tsawonsa na asali, sautin ya gajarce, su rabu har abada.

Za ka ji ana yabon wani rukunin manhajoji, irin su Descript da tsarin gyara ta rubutu da Adobe ta shigar a Premiere Pro a 2023, waɗanda ke fara mayar da magana rubutu sannan su cire giɓin da ke tsakanin kalmomi. Ga Turanci suna aiki da kyau. Amma hirar Zango takan fara da Hausa, ta ratsa Tuwi, ta ɗauko Turanci, ta rufe da addu'a da Larabci, kuma duk inda manhajar ta kasa gane kalma tana iya ɗaukar wurin a matsayin giɓi. Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, tana da Hausa cikin jerin harsunanta, amma kurakuranta a Hausa suna da yawa, ban kuma yarda in ɗora almakashi a kan rubutunta ba. Abin da ya fi alfanu a wurinka shi ne manhajojin da ke rarrabe muryar ɗan Adam da sauran ƙara ba tare da sun damu da harshe ba, irin su Silero, domin suna iya gane cewa rurin janareta ba magana ba ne.

Matsalarka ta uku, ta baki da murya, daga wayoyin take. Waya ba ta ɗaukar hotuna da adadi tsayayye. Tana iya cewa 30 a daƙiƙa, amma idan ta yi zafi ko haske ya ragu sai adadin ya riƙa hawa da sauka, alhali manhajar yanka tana lissafi kamar bai taɓa motsi ba. Kuskuren ƙanƙane ne a kowane yanka, amma awa ɗaya tana iya ɗaukar yanka ɗari uku ko fiye, sai ya taru ya zama abin da ido ke gani. Kafin komai, ka bi da faifan kowace waya ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, ka zaɓi tsayayyen adadin hotuna, 25 ko 30, iri ɗaya ga dukkansu, sautin kuma ya kasance a kan 48,000 a daƙiƙa kamar yadda aka saba a bidiyo. Bayan haka sai ka jera kyamarorin biyu da makirufo biyu a kan layi ɗaya, kana dogara da tafi guda mai ƙarfi da za ka yi a gaban kyamarorin a farkon ɗauka. Sai an gama wannan jeri ake neman shiru, kuma a kan sautin da ya haɗa makirufo biyun, in ba haka ba manhajar za ta saurari baƙo kaɗai ta yanke duk tambayoyin da kai ka yi, da "na'am" da "haka ne" da kake amsa masa da su.

Ko an yi komai daidai, hoto zai riƙa ɗan zillo a wurin kowane yanka, kan mai magana ya yi tsalle daga nan zuwa can. Tunda kana da kyamarori biyu, ka sauya daga ɗaya zuwa ɗaya a daidai manyan yankan, ko ka ɗan matso da hoton kusa, ko ka ɗora tsohon hoton unguwar da ake magana a kanta. Ga sautin kuma, ka shimfiɗa gurnanin ɗakin nan da ka ɗauka na daƙiƙa 30 a ƙarƙashin shirin gaba ɗaya da ƙaramin ƙarfi, domin kunne ya fi saurin kama yankewar gurnani fiye da yadda ido ke kama tsallen hoto.

Akwai shirun da nake roƙonka kada ka bari na'ura ta taɓa, kuma a irin shirinka suna da yawa. Idan dattijo ya ambaci wani da ya rasu ya tsaya, ya sunkuyar da kai kafin ya ce Allah ya jiƙansa, wannan tsayawar tana cikin labarin. Haka wuraren da ake tsayawa a karatun aya, da jiran amin bayan addu'a, da ɗan jinkirin da mai ba da labari ke yi da gangan kafin ya faɗi abin da zai ba da dariya. Yadda nake yi shi ne in ajiye takarda a gefe lokacin ɗauka, ina rubuta mintin da irin wannan ya faru, sannan bayan manhaja ta gama in je waɗannan wurare in mayar da abin da ta cire. Daga nan sai in saurari shirin duka da abin sawa a kunne, a ɗan hanzarce, ina tsayawa duk inda kalma ta yi mini kamar an ƙwace mata kai. Ga zaman awa ɗaya wannan bitar ba ta wuce minti 45 ba, kuma faifan asali yana nan a ajiye a wani wuri daban, ba a taɓa shi ba, har sai shirin ya fita kuma dattijon da aka yi hira da shi ya kalla ya amince.