Ƙari a ƙwaƙwalwar yaro: me ya sa likita ke son a sake gwada naman da aka ciro?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni uwa ce daga Tawa. Ɗana mai shekara 6 ya yi wata biyu yana ciwon kai da amai da sassafe, yana tafiya yana layi. Muka kai shi Yamai, skana ta nuna ƙari a bayan ƙwaƙwalwa, aka yi masa aiki. An ce sunan ciwon medulobilastoma. Yanzu kuma an ce a aika guntun naman waje a duba alamomin ƙwayoyin halittarsa. Ba an riga an san ciwon ba? Kuɗin ba kaɗan ba ne.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

An san sunan, gaskiya ne, sai dai sunan ya tara ciwo huɗu. A ƙarƙashin madubin likita suna iya yin kama, amma tun 2012 masana suka daidaita cewa medulobilastoma ta kasu zuwa WNT, SHH, rukuni na 3 da rukuni na 4, gwargwadon abin da ya ɓaci a cikin ƙwayoyin halittar ƙarin. Wannan ɓacin shi ne alamar da ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a tsarinta na 2021, ta sa shi cikin abin da ake dubawa kafin a yanke wa ƙari suna.

Bambancin ba na takarda ba ne. Mai WNT, wanda ke samun kamar yaro ɗaya cikin goma, shi ya fi jin magani: inda aka samu cikakken magani, fiye da 90 cikin 100 na rayuwa. Rukuni na 3, in ƙwayar halittar da ake kira MYC ta ninku a cikinsa, yana saurin bin ruwan ƙwaƙwalwa zuwa laka, kuma yana neman magani mai tsanani. Haka ma SHH in ƙwayar halittar TP53 ta lalace, har akan so a duba ko abin na gado ne. Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne gashi da haske, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, yana barin tabo a ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba: karatu, ji, tsayi, duk yana iya taɓawa. Likita na son ya san wane yaro ne dole a tsananta masa, wane ne kuma ba a ƙara masa fiye da ƙa'ida.

A wasu ƙarin ma alamar kan buɗe ƙofar magani. Giliyoma, wani irin ƙarin ƙwaƙwalwa, mai tafiyar hawainiya da ke ɗauke da alamar BRAF V600E tana da magungunan sha guda biyu, dabrafenib da trametinib, da Amurka ta amince da su ga yara a 2023.

Shawarata: kafin ku sayar da gona ko bisashe, ki tambayi likitansa ƙeƙe-da-ƙeƙe, in sakamakon ya zo, me zai canja a maganin? Ki kuma tambaya ko za a fara da gwajin rina naman mai sauƙin kuɗi, irin na beta-katenin, wanda kan nuna WNT. Ba sai an sake yi wa yaro aiki ba. Naman da aka daskarar cikin kakin labo shi ake aikawa, don haka ki riƙe lambarsa da takardarsa kamar takardar gida.

Amma don Allah kada jiran sakamako ya tsayar da magani. Yaro mai shekarunsa ana son a fara masa gashi cikin mako huɗu zuwa shida bayan aiki, kuma tun 2021 cibiyar yaƙi da cutar kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara yin gashi. A yi masa hoton IRM na laka, a duba ruwan lakarsa don a ga ko ciwon ya bazu. In amai ya dawo, ko barci ya yi masa yawa, ku koma asibiti a ranar.