Amsa ga ƙanenmu da ya samu gurbin horo a kamfanin gina gidaje

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce ka karanta fannin gini a kwalejin Hassan Usman Katsina, ka gama bautar ƙasa, wani kamfanin gina gidaje ya ba ka gurbin horon shekara biyu, amma alawus ɗin ba zai kai ka ƙarshen wata ba. Ga kuma kawunka zai haɗa ka da abokinsa mai son gina gida a Batagarawa, ka riƙe aikin da kanka.

Ka karɓi horon. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo sana'ar, yau sama da shekara goma ke nan, kuma da kwangilar wani na fara karɓa, da na yi wa bawan Allah asara na ɓata sunana tun ban yi shi ba. Aikin abokin kawu yana da daɗin ji, amma ranar da katanga ta tsage babu wanda ke samanka da zai ce ga inda aka kuskure. Kai ne da mai gida, ga kuma zumunci a tsakani.

Watana na biyu a wajen aiki aka ba ni awon harsashin wani gida mai ɗaki uku. Na ja zare, na kafa turaku, lissafina ya yi daidai da zane. Akwai wani tsohon birkila mutumin Ƙofar Marusa, Baba muke ce masa. Ya zagaya sau ɗaya ya ce, "Injiniya, ka auna kusurwa zuwa kusurwa?" Ban auna ba. Ya karɓi tef, ya auna uku ta nan, huɗu ta can, tsakaninsu ya ƙi ba da biyar. Wannan lissafin mun yi shi a aji tun sakandare, amma sai ranar ya shige ni. Da an haƙa an zuba kankare a haka, mai tayil ne zai tona asirin bayan wata shida, lokacin da gyara ya zama rushewa. Baba bai yi mini dariya gaban lebura ba, kuma har ya bar aiki duk abin da ya ce in duba sai na duba.

To irin wannan kuskuren nake so ka yi a inda akwai mai kama ka. Abin da horo ke saya maka ke nan.

Sai dai ka bincika, don ba kowane horo ba ne horo. Kafin ka sa hannu ka tambaye su: a ƙarƙashin wa zan yi aiki, kuma yana da rajistar CORBON ko COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista? Wannan tambayar tana da nauyi, domin hukumar CORBON, wadda aka kafa da dokar 1989, ita ke yi wa magina rajista a Najeriya, kuma in ka tashi nema za a so ganin ayyukan da ka yi da wanda ya sa maka ido. Ka tambaya ko za a riƙa juya ka tsakanin sassa: wajen aiki, ofishin ƙiyasin kuɗi, sayen kaya, bin takardun izinin gini a hukumar tsara birane. Ina faɗa maka haka ne don inda na fara sun ajiye ni a sito wata biyar ina ƙirga buhunan siminti da rodi. Sai da na je na sami manaja na roƙe shi kafin aka fitar da ni. Abokina da bai yi magana ba, a siton nan ya ƙare shekararsa. Idan kamfanin yana da tsarin horon a rubuce, ka karɓi kwafi ka adana.

Shi ma siton ban ce bai da amfani ba. A nan na gane cewa bulo goma ke cika murabba'in mita ɗaya na katanga, don haka in aka nemi bulo dubu a katangar da ba ta ci ɗari bakwai ba, akwai magana. A nan na koyi ɗaga bulo mai inci tara in sake shi ƙasa kafin in sa hannu a takardar mai mota, saboda wasu masu buga bulo suna ja wa buhun siminti ɗaya mai kilo 50 har sai bulon ya zama gari a hannu. Amma wata ɗaya ya isa a koyi wannan.

Abin da zai fi ba ka wahala shi ne ruwa. Masu kwaɓa suna son kankare ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin ɗauka a kwanon sarki, kuma duk ruwan da aka ƙara ƙarfi ake ragewa. Kai yaro ne, su sun haife ka, ga rana ta take, za ka tsaya ka ce a'a. Ka faɗa da ladabi, amma kada ka janye. Bayan an zuba kuma sai akasin haka: a garin nan, da iskar hunturu da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kankare na bushewa kafin ya nuna. Dole a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Mai tankar ruwa zai makara, mai gida zai matsa a cire katakon da ke tallafe da rufin kankare da wuri don a mayar wa mai ba da hayarsa. Duk wanda bai taɓa ganin babba ya ƙi wannan matsin a gabansa ba, da wuya ya iya ƙi shi kaɗai.

Maganar kuɗi gaskiya ce, ban raina ta ba. Na yi watannin da kuɗin mai na babur ke gagara ta. Abin da ya taimake ni, bayan wata takwas na fara yi wa mutanen unguwa ƙiyasin kayan gini da daddare, ana ba ni ɗan abin da ya samu. Ka dai tabbata yarjejeniyarka ba ta hana ba.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kullum ka rubuta kwanan wata, abin da aka zuba, buhu nawa, lebura nawa, me ya lalace, ka kuma ɗauki hoto. Nawa na farko yana nan, siminti ya ci gefensa, kuma shi na buɗe na cike takarduna lokacin neman rajista.

Kawu kuwa, ka je har gida ka yi masa godiya, ka ce a ba wani gogagge aikin Batagarawa, kai kuma ka riƙa leƙawa ranar Lahadi kana gani. Ka turo mini takardar da kamfanin ya ba ka in duba maka kafin ranar Litinin. Allah ya sa albarka.