Amsa ga ɗana mai neman lasisin tuƙin Texas tun yana Kano

Ɗana, saƙonka ya iso ni da daddare bayan na taso daga aiki, kuma shi ne na huɗu a wannan watan da aka turo mini daga gida a kan magana ɗaya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ita. Ka ce ka ga tallar wani kwas na koyon tuƙi ta intanet wanda ake gamawa cikin awa shida, kana so in biya maka ka yi shi tun kana Kano, domin da zarar ka sauka Houston ka karɓi lasisi, ka fara ɗaukar fasinja ko kai abinci gida-gida kana haɗa kuɗin makaranta. Ka ƙara da cewa tuƙi ba baƙonka ba ne, tun kana sakandare kake jan motar mahaifinka daga Gwammaja zuwa Kantin Kwari. Kuɗin kwas ɗin bai kai dala 100 ba, kuma zan biya idan lokacinsa ya yi. Lissafin da ka ɗora a kansa shi ne ya tayar mini da hankali.

Kwas ɗin gaskiya ne, kuma a kanka dole ne. Dokar jihar Texas ta ce duk wanda yake tsakanin shekara 18 zuwa 24 kuma yake neman lasisinsa na farko sai ya yi wannan karatu na awa shida, ko a aji ko ta intanet, kai kuwa shekararka 22. Wanda ya kai 25 ba a tilasta masa ba, ko da yake da yawa suna yi saboda jarrabawar rubutu tana cikinsa. Idan ka ci kashi 70 cikin 100 za a ba ka takardar shaida, kuma ba sai ka sake zama gaban kwamfuta a ofishin DPS ba, wato hukumar da ke ba da lasisi a jihar. Lasisinka na Najeriya ba za a musanya maka shi da na nan ba. Wannan alfarma ta 'yan ƙasashe kaɗan ce irin su Faransa da Jamus da Koriya ta Kudu da Taiwan, mu kuwa daga farko muke somawa, ko shekara ashirin mutum ya yi yana riƙe da sitiyari.

Kada ka danna tallar da ka gani. Kowace jiha a Amurka da dokarta, kwas ɗin wata jiha ba zai yi maka amfani a nan ba, kuma ko a cikin Texas ɗin akwai kwas iri biyu da duka awa shida ne. Ɗaya na masu neman lasisi ne, ɗayan kuma na waɗanda aka kama da laifin hanya ne suke so kotu ta share musu tikiti, wato takardar tara. A 2013, watana biyu da zuwa, na biya kuɗi a wani shafi da bai damu ya bayyana mini wannan bambanci ba, na zauna na cika awa shida, na jira takardar, na ɗauki hutun yini daga aikina na cikin makaranta, na shiga bas biyu zuwa ofis, sannan aka duba takardar aka miƙo mini ita aka ce ba ita ake nema ba. Kamfanin bai mayar mini da ko sisi ba. A lokacin albashin wannan yinin da na rasa shi ne kuɗin cefanena na mako. Hukumar da ke sa ido a kan waɗannan makarantu yanzu ita ce TDLR, kuma tana da jerin waɗanda ta amince da su. Duk wanda sunansa ba ya ciki ka rabu da shi komai arharsa.

Abin da za ka iya yi daga Kano ba tare da kashe ko kwabo ba shi ne ka sauke littafin dokokin tuƙi na jihar, wanda DPS take bayarwa kyauta a intanet, ka karanta shi kamar yadda ka karanta littattafan jarrabawarka. Sauran duk sai ka iso, domin za a nemi fasfo da biza da takardar I-20 da makaranta ke bai wa ɗalibi da I-94 mai nuna shigowarka ƙasar, da takardu biyu masu nuna adireshinka a Texas, kuma sai ka yi kwana 30 a jihar. Akwai kuma wani bidiyo na awa ɗaya a kan haɗarin taɓa waya a bakin tuƙi, wanda ake kallo kyauta bayan an gama kwas, shaidarsa kuwa kwana 90 kawai take yi kafin gwajin kan titi. Lokacin da na yi nawa babu shi, amma uwargida ta kalla.

Yanzu bari in zo kan abin da awa shida a gaban kwamfuta ba za ta ba ka ba. Na zo ƙasar nan da shekara bakwai na tuƙi a hannuna, na san ramukan hanyar Kano zuwa Zariya, na saba kutsawa tsakanin 'yan adaidaita sahu a Ƙofar Ruwa ba tare da an goge ni ba, kuma na ci jarrabawar rubutu ba tare da wahala ba. Ranar gwaji wata mata ta shigo ta zauna a gefena da takarda a hannunta, ba mu yi minti 20 muna zagaya unguwa ba ta ce in koma, ta kuma gaya mini cikin natsuwa cewa na faɗi. Na yi fakin tsakanin sanduna daidai, na yi ribas daidai, ban kusanci kowa ba. Laifina shi ne a allon nan ja mai kusurwa takwas da aka rubuta STOP na rage gudu sosai, na duba hagu da dama, na ga babu kowa, na wuce ba tare da tayoyin sun tsaya cak a bayan farin layi ba, kuma na yi haka sau biyu. Sannan na canja layi da madubi kaɗai ban juya kaina na duba ta kafaɗa ba, hannuna ɗaya kuma yana kan giya kamar yadda na saba da motar manuwal. Duk waɗannan suna cikin kwas ɗin, na karanta su, na amsa tambayoyinsu daidai, amma ƙafata da wuyana ba su karanta ba. Na koma gida a kujerar gefen direba ina jin zafin da ban taɓa ji a kan wata jarrabawa ba, kuma na yi kwanaki ina ganin an zalunce ni kafin in yarda cewa matar ta fi ni gaskiya.

Wanda bai taɓa tuƙi ba ya fi ka sauƙin cin wannan gwaji, kuma wannan ba zagi ba ne. Shi zuba masa ake yi a ƙwarya wadda ba komai a ciki, kai kuwa sai an fara zubar da abin da ka cika ta da shi. A gida idan an haɗu a mararraba wanda ya fi ƙarfin zuciya shi ke wucewa, kuma oda ita ce bakin direba. A nan idan hanya huɗu ta haɗu kuma kowace tana da STOP, wanda ya riga tsayawa shi ke fara tafiya, idan kun tsaya tare na hannun dama ya riga ka, kuma babu wanda zai tsaya a tsakiya ya ba ku hannu. Oda kuwa idan ka danna ta ba dalili, kamar ka zagi mutum ne, a jihar da mutane da yawa suke ajiye bindiga a mota. Motar makaranta mai launin ɗorawa idan ta tsaya ta kunna jar fitila ta buɗe allonta, dole ka tsaya ko kana bayanta ko kana fuskantarta, sai fa idan akwai shinge ko tsibiri da ya raba titin biyu, tarar wanda ya wuce ta a karon farko kuwa daga dala 500 ce zuwa 1,250. Idan motar 'yan sanda ko ta asibiti tana tsaye a gefen titi da fitila a kunne, ko ka bar mata layin da ke kusa da ita ko ka rage gudunka da mil 20 ƙasa da abin da aka rubuta. Lambar da kake gani a allo mil ce, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka 65 ɗin da za ka raina ta haura 100 a lissafin gida. Abu ɗaya da za ka huta da shi shi ne hannun tuƙi, tunda Najeriya ta koma hannun dama tun 1972.

Maganar 'yan sanda ita ce na fi so ka riƙe, domin a nan tarbiyyarmu ce take iya jefa mu cikin halaka. A gida ladabi shi ne ka fito daga mota, ka taka zuwa wurin jami'i, ka rusuna ka ce ranka ya daɗe. Haka na yi a shekarata ta farko lokacin da aka tsayar da ni da dare saboda fitilar baya ɗaya ta mutu. Ina buɗe ƙofa na sa ƙafa ƙasa sai na ji tsawa, na ɗaga kai na ga hannun ɗan sandan a kan bindigarsa. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Abin da ake yi shi ne ka gangara gefe, ka sauke gilashi, ka kunna fitilar ciki idan dare ne, ka ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari, kuma kada ka miƙa hannu aljihu ko akwatin gaba sai ka faɗa masa abin da za ka ɗauko. Majalisar jihar ta yi doka a 2017 cewa a riƙa koyar da wannan a darussan tuƙi, saboda haka idan ka zo wannan sashe a kwas ɗin kada ka bar bidiyon yana tafiya kana hira a WhatsApp. Na goro kuma kada ma ya zo maka a rai, domin miƙa wa jami'i kuɗi babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku.

Lasisi kuma ba mota ba ne. Motar da za ka je gwaji da ita sai tana da rajista da inshora, kuma mafi ƙarancin inshorar da doka ta yarda da ita ita ce wadda za ta biya dala 30,000 ga mutum ɗaya da ka jikkata, 60,000 ga haɗarin gaba ɗaya, da 25,000 na dukiyar da ka lalata. Saurayi ɗan ƙasa da 25 wanda bai da tarihin tuƙi a ƙasar nan shi ne kamfanonin inshora suka fi tsawwala wa. A shekarata ta farko abin da nake biyan su kowane wata ya fi abin da nake kashewa a abinci.

Sai batun ɗaukar fasinja da kai abinci, wanda ina roƙonka ka cire shi daga lissafinka tun kafin ka hau jirgi, ka kuma gaya wa Yaya, mahaifiyarka, gaskiya kada ta riƙa jiran kuɗin da ba zai zo ba. Bizar ɗalibi ta F-1 ta yarda maka aikin awa 20 a mako a cikin makaranta lokacin karatu. Tuƙa Uber ko kai saƙon DoorDash aiki ne na waje wanda ba ka da izininsa, kuma lasisin tuƙi ba ya canja wannan ko kaɗan. Na san za ka samu waɗanda za su ce maka kowa yana yi, har su ba ka hayar asusun wani ka yi aiki da sunansa. Na ga yaro ɗan gida mai hankali da ya bi wannan hanya, wata mota ta buge shi daga baya, laifin ma ba nasa ba ne, amma da aka zo rubuta rahoto sunan da ke waya daban, na lasisi daban, inshorarsa kuma ba ta shafi aikin haya ba. Karatun da iyayensa suka sayar da fili suka biya a nan ya tsaya. Waɗanda suka ba shi asusun ko ɗaga wayarsa ba su sake yi ba.

Ba ina hana ka lasisi ba ne, Houston gari ne da rashin mota yake ɗaure mutum, kuma ni ma sai da na samu nawa na fara jin ina zaune a ƙasar. A gwaji na biyu na ci, kuma daga ranar zuwa yau ba a taɓa rubuta mini tikiti ba, na koya wa uwargida da ɗalibai shida 'yan gida, dukansu sun ci a karon farko, wannan kuwa ina alfahari da shi. Amma titunan nan ba na wasa ba ne. Babbar hanyar Katy da ke nan Houston a wani wurin ta haura layi 20, kuma tun ranar 7 ga Nuwamba 2000 ba a yi yini ɗaya a Texas ba tare da wani ya mutu a hanya ba, daga 2021 zuwa 2024 ma sama da mutum 4,000 aka riƙa rasawa kowace shekara. Mahaifiyarka amanarka ta ba ni.

Idan Allah ya sa biza ta fito, ka turo mini ranar saukarka. Watanka na farko a gefena za ka zauna kana kallon abin da nake yi a kowace mararraba, a nan ɗakina za ka yi kwas ɗin, sannan mu fara da filin ajiye motoci na masallaci bayan sallar asuba ranar Lahadi, lokacin da babu kowa. Ba zan nema maka ranar gwaji ba sai na ga ka tsaya cak a STOP sau goma a jere ba tare da na buɗe baki ba. Ka gaida Yaya da Abbanku, ka kuma fara karanta littafin daga yau.