An ce mai yiwuwa a cire wa ɗana ido saboda cutar kansa, kakarsa ta ce ba za a taɓa shi ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara ɗaya da wata takwas. Kusan wata uku ke nan nake ganin wani farin abu yana ƙyalli a cikin baƙin idonsa na hagu, musamman da dare ko a hoton da aka ɗauka da hasken waya, kamar idon kyanwa. Likitan da ya duba shi ya ce yana zargin kansar ido ce ta yara, ya ba mu takarda zuwa asibitin ƙwararru, ya ce mu shirya zuciyarmu don mai yiwuwa a cire idon. Kakarsa ta rantse ba za a taɓa shi ba, wai da zarar ƙarfe ya taɓa cutar kansa sai ta bazu a jiki. Babansa ya fara karkata wajenta. Ni ko barci ba na iya yi. Me zan tanada kafin ranar? Kuma da gaske aikin yana yaɗa cutar?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Kada ranar da aka ba ku ta wuce ku. Idan ma ta yi nisa, ta haura mako ɗaya ko biyu, ki koma wurin likitan da ya tura ku ki roƙe shi ya kira asibitin da bakinsa, ya faɗi kalmar retinobilastoma, wato sunan wannan kansar ido ta yara. Takarda takan yi kwanaki a kan teburin rajista, ƙarin da ke cikin idon kuwa ba ya jiran layi. Ba kowane farin ido ne kansa ba, yanar ido da wasu cututtukan jijiyoyin jini na bayan ido suna kawo irinsa, amma sai an duba ake rabewa.

Ki haɗa takardar turawar, da duk sakamakon hoton da aka yi masa, da katin rigakafinsa, da duk wani magani da aka taɓa ɗiga masa a ido, har wanda kike jin kunyar nunawa. Kada ki goge hotunan da ke wayarki, kwanan watan da ke kansu yana gaya mana lokacin da abin ya fara. Ki kuma bincika a danginki da na babansa: akwai wanda aka cire wa ido yana ƙarami, ko yaron da ya rasu da kumburin ido? Kusan kashi 40 cikin 100 na masu wannan cuta suna ɗauke da sauyin ƙwayar gado mai suna RB1 a duk jikinsu, kuma su ne cutar ta fi kama wa ido biyu.

Yaro mai shekarunsa ba zai tsaya a leƙa bayan idonsa da kyau ba, don haka za a sa shi barci a duba idanun biyu, kuma za a maimaita hakan sau da yawa nan gaba. Za a gaya miki sa'o'in da zai yi bai ci komai ba kafin allurar barcin, yawanci shida ga abinci da madarar gwangwani, huɗu ga nonon uwa. Kada tausayi ya sa ki ba shi a ɓoye. Amai a cikin barcin yana iya shiga huhu. In yana tari ko zazzaɓi ki faɗa tun kafin ranar. Za a yi sikanin ido da hoton MRI, wato hoton cikin ido da kai da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Ana kauce wa hoton CT, wanda ake ɗauka da hasken X-ray, in da hali, saboda haskensa yana ƙara haɗarin wata kansar ga yaran da suka gaji cutar. Ki tafi da shirin kwana, ba na yini ɗaya ba.

Yanzu maganar Kaka, wadda ita ce ta fi damuna, domin ita ce ke kashe mana yara.

Ba na jin mako yana wucewa ban ji wannan magana ba: ƙarfe ya taɓa kansa, ta fusata, ta bazu. Na san inda ta samo asali. Mutane sun ga an kai mara lafiya asibiti bayan cuta ta gama cin jikinsa, an yi aiki, ya rasu, sai aka ɗora wa wuƙar likita laifin da jinkiri ya aikata. Kuma a wannan cutar akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikin maganar, sai dai an juya ta a baibai. Ƙwayar ido kamar tulu ce mai rufi. Muddin ƙarin yana cikin tulun, ran yaron yana hannunmu da yardar Allah. Abin da ke yaɗa shi shi ne a huda tulun. Shi ya sa ba ma tsira allura mu ɗebi nama don gwaji, kamar yadda ake yi a sauran kansa. Shi ya sa kuma babban abin tsoro shi ne mutumin da zai kalli farin nan ya ce yanar ido ce, ya sa tsinke ko wuƙa zai kankare ta. Wannan ne ƙarfen da ya kamata Kaka ta rantse a kansa.

Aikin ƙwararru akasin haka ne. Ana ɗauke tulun ɗungurungum ba tare da an fasa shi ba, haɗe da wani tsawo na jijiyar gani, domin ta wannan jijiyar ce ƙarin ke bi ya shiga ƙwaƙwalwa. Idan aka bar shi, zai fasa da kansa. Idon ya yi ja, ya kumbura, ya turo waje, cutar ta kai ƙwaƙwalwa ko ɓargo. A wannan matakin ne iyaye da yawa suke dawo mana, bayan wata biyar ko shida suna yawo tsakanin mai ɗigo da mai shafawa da mai sayar da ƙwayoyi a intanet, suna roƙon a cire idon da suka hana a cire. Lokacin cirewar ba ta wadatarwa. Masu karɓar kuɗin nan kuwa ba za ki ga ko ɗayansu a bakin gadon yaron ba. Wallahi abin yana ci mini rai, domin wannan tana cikin kansar yara da suka fi jin magani. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022, kan yara sama da 4,000 a faɗin duniya, ya nuna cewa bayan shekara uku sama da 99 cikin 100 suna raye a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe mafiya talauci kuwa kimanin 57 ne. Cutar ɗaya ce. Babban bambancin yana wajen lokacin da aka kawo yaro, da ko an kammala magani.

Sai ki ji an ce, ai gara a bar shi da idonsa. Wane ido? Idon da ƙari ya cika har ana hango farinsa daga nesa, sau da yawa ya daɗe da daina gani. Yaron bai faɗa ba ne don ɗayan yana masa aiki.

Ban ce lallai za a cire ba, ban ga idon ba. Muna kasa cutar rukuni biyar, daga A zuwa E. Ƙananan ana ƙona su da hasken leza ko a daskarar da su, matsakaita a haɗa da kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, yawanci magunguna uku a zagaye shida, kuma ana ceto idanu da yawa ta haka. A rukunin E ne cirewa ta fi zama hanya mafi aminci. Ki tambayi likitan kai tsaye: wane rukuni ne, akwai sauran gani a idon, yaya ɗayan yake? Idan an cire, ana dasa wani ɗan ƙwallo a gurbin, bayan kamar mako shida a sa masa idon roba mai launin nasa. Yaro mai ido ɗaya yana karatu, yana wasa, yana girma kamar kowa. Kada kuma ki ɗauka an gama daga ranar aikin. Sakamakon gwajin idon da aka cire shi ne zai nuna ko yana buƙatar kimo, don haka ki bi sawunsa har ya zo hannun likita. In an fara kimo, zafin jiki da ya kai digiri 38 asibiti ake kai shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Ki lallaɓa babansa ya zo ranar da ƙafarsa, sa hannunsa da amincewarsa za su hana a janye yaron a tsakiyar magani. Kaka ma in za ta iya zuwa, a zo da ita. Ƙaunar jikanta ce ta sa ta rantsuwa, kuma na sha ganin irinta sun sauko da aka nuna musu hoton abin da ke cikin idon. In yana da yayye ko ƙanne 'yan ƙasa da shekara biyar, ki gaya wa likitan tun zuwan farko, su ma a duba nasu idanun.