Amsa: Me ya sa kod ɗin Autumn Leaves na littafi bai dace da faifai ba?

Ɗan'uwa, ka ce kana bin kod ɗin (wato sautukan da ake bugawa tare) waƙar jazz ta Autumn Leaves daga littafinka a ma'aunin sauti na E maina, amma da ka kunna faifan mai busa saksofon Cannonball Adderley sai ka ji ba su haɗu ba. Kunnenka lafiya lau. Littafin Real Book, kundin waƙoƙin jazz, shi ne ya rubuta ta a E maina, su kuwa Adderley da Miles Davis a G maina suka buga ta a faifan Somethin' Else, watan Maris 1958.

Zauna gaban fiyano ka bi su haka: Cm7, F7, B♭maj7, E♭maj7, sannan Am7♭5, D7, Gm. Huɗun farko suna kai ka B♭ mejo, inda kiɗan ke da haske, ukun ƙarshe su gangaro da kai G maina mai sanyaya jiki. Ka ɗan dakata a kan D7, ka saurari F♯ ɗin nan yadda yake marmarin faɗawa G. Wallahi nan ne waƙar take taɓa ni.

Asalinta Faransa ce: Joseph Kosma ya tsara kiɗan a 1945, Jacques Prévert ya rubuta baitocin. Ka kuma nemi ta Bill Evans ta 1959, ka ji yadda garayar bes ta Scott LaFaro ke hira da fiyano.