Tambayoyinku: Majami'armu cike take, amma zukata sun yi sanyi

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. A cikin ikkilisiyar Metodis aka haife ni, bara kuma aka naɗa ni shugabar aji, wato ƙaramin rukunin 'yan ikkilisiya da aka ba ni in kula da su. Ran Lahadi majami'armu cike take, mawaƙa suna ƙoƙari, baiko yana shiga. Kowace shekara muna yin taron falkaswa na mako guda, a gayyato mai wa'azi daga nesa, mutane su fito gaba suna kuka. Bayan sati biyu sai ka ce ba a yi ba. Masu gaba da juna suna nan da gabarsu. Abin da ya fi ci mini rai, wata 'yar ajina ta yi wata biyu tana kwance, ban ji labari ba sai da ta warke. Ajin namu ba ya zama, iyakarsa in kira suna in karɓi kuɗin aji. Wasu dattawa sun ce a ƙara kwanakin falkaswa, matasa sun ce a sayo sababbin kayan kiɗa. Baba, ta ina ikkilisiya take farfaɗowa? — Wata shugabar aji

AMSA: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Da ganin yadda rashin lafiyar matar nan ya tsaya miki a rai, na san ba a yi kuskuren ba ki aji ba. Amsar da kike nema kuma tana hannunki, cikin wannan littafin da kike kiran suna da shi.

Ba ni da faɗa da taron falkaswa. Na yi wa'azi a irinsa, na ga mutanen da Allah ya kama a wurin, har yau suna tsaye. Sai dai shi kamar ruwan sama ne mai ƙarfi: in gona ba ta da kunya, sai ya kwarara ya wuce, washegari ƙasa ta bushe. Abin da kike kuka a kai John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ya riga ki kuka a kansa. A watan Agusta na 1763 ya zaga yankin Pembrokeshire a ƙasar Wales, inda aka shekara ashirin ana zuba wa'azi mai zafi ba tare da an haɗa waɗanda suka farka cikin ƙananan ƙungiyoyi ba. Ya rubuta cewa tara cikin goma na waɗanda suka taɓa farkawa sun koma barci, barcin ma ya fi na da nauyi. Mutumin da ya shafe shekarun rayuwarsa a kan doki yana wa'azi a fili ne ya faɗi haka, don haka ba ƙin wa'azi ya sa shi faɗa ba.

Bari in ba ki labarin yadda aji ya samo asali, gama za ki ga kanki a ciki. A 1739 Wesley ya gina ɗakin taro a birnin Bristol na Ingila, ginin ya bar musu bashi. A watan Fabrairu na 1742 suka zauna neman mafita. Wani mai suna Kyaftin Foy ya ce kowa ya riƙa ba da peni ɗaya a mako. Aka ce masa da yawa talakawa ne, ba za su iya ba. Ya ce a haɗa shi da goma sha ɗaya daga cikin mafi talauci, zai bi su gida kowane mako, wanda ya kasa shi zai biya masa. Haka aka rarraba jama'a sha biyu sha biyu. Da masu karɓar kuɗin suka fara shiga gidaje sai suka dawo da labarin da ba a aike su nema ba: wane ya koma shaye-shaye, wance ba ta da lafiya, gidan su wane babu zaman lafiya. Nan Wesley ya gane ya sami abin da ya daɗe yana nema, wato hanyar da za a san halin da kowane mutum yake ciki. Daga baya aka ga bin gida-gida yana cin lokaci, wasu kuma suna zaune a gidajen iyayen gidansu inda ba a sakin jiki a yi magana, sai aka mai da shi zama wuri guda sau ɗaya a mako.

Kin gani, da kuɗi aka fara, aka ƙare da kula da rayuka. Mu kuwa a wurare da yawa mun riƙe kuɗin mun saki rayukan. Wannan yana ba ni baƙin ciki ƙwarai, don ba a yi aji domin ma'aji ba.

Zaman ajin nan ba wa'azi ake yi a ciki ba, ba kuma nazarin Littafi Mai Tsarki ba ne, ko da yake kowannensu yana da nasa wuri. Akan buɗe da waƙa da addu'a, shugaba ya fara faɗin yadda makonsa ya kasance tsakaninsa da Allah, sa'an nan ya juya ga kowa ɗaya bayan ɗaya ya tambaye shi yadda ransa yake. Shi ke nan. Sharaɗin shiga ma ɗaya ne tak a ƙa'idodin da Wesley ya kafa wa mabiyansa a 1743: mutum ya kasance yana marmarin tsira daga zunubansa. Ba a ce sai ya riga ya zama tsarkakakke ba. Ana dai sa ran marmarin zai nuna kansa ta hanya uku: barin mugunta, aikata alheri, da riƙe hanyoyin da Allah ya shirya, wato sujada, Jibin Ubangiji, addu'a, karatun Maganar Allah da azumi.

To, ki fara. Ki nemi izinin Rabaran tukuna, kada a ce kin kafa ikkilisiya cikin ikkilisiya. Ki sa rana ɗaya da sa'a ɗaya da ba sa canjawa, kada zaman ya wuce awa guda. In sunayen da ke littafinki sun kai talatin ko arba'in, kamar yadda na sha gani, ki roƙa a raba, domin mutum ba ya buɗe cikinsa a gaban taro. Ki ajiye maganar kuɗi zuwa ƙarshe, wanda ba shi da shi kuma kada a ambaci sunansa.

Abu mafi wuya shi ne ke za ki fara magana, kuma gaskiya za ki faɗa. In kika ce "mun gode Allah" kika yi shiru, kowa "mun gode Allah" zai ce, ku tashi kamar yadda kuka zo. In kuwa kika ce makon nan addu'a ta yi miki nauyi, ko kin yi fushi da maigidanki har kin kwana da shi a zuci, kin buɗe ƙofa. Ba ina cewa ki tona asirin gidanki ba, akwai abin da sai tsakaninki da fasto. Amma dole su ga shugabarsu ma tana kokawa.

Kada ki karaya in an daɗe ba a shiga ƙofar ba. Akwai wani magidanci a ajin da na taɓa riƙewa, mutum mai tsabta, ba ya fashin zuwa. Kullum amsarsa ɗaya ce, lafiya lau. Watanni suna tafiya. Ran nan da na zo kansa sai ya sunkuyar da kai, ya ce an sallame shi daga aiki tun tuni, kullum da safe yakan shirya ya fita don kada matarsa ta gane, ya je ya zauna wani wuri har yamma. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Muka yi addu'a, wani dattijo ya raka shi gida a daren ya zauna tare da shi har ya gaya wa matarsa. Aikin bai samu da wuri ba, amma daga ranar ajin ya canja, gama kowa ya ga an faɗi abin kunya kuma ba a ji shi a waje ba. Mutumin nan ya halarci falkaswar shekarar daga farko har ƙarshe da wannan nauyi a ransa, ba wanda ya sani.

Ki riƙe wannan da kyau: ranar da maganar aji ta fita waje, ranar ajin ya mutu. Ki faɗa musu tun zaman farko, ki kuma maimaita. Mai yawan magana ki tsai da shi cikin ladabi. Mai shiru kada ki matsa masa. Wanda yake son mai da zaman wurin kai ƙarar wanda ba ya nan, ki ce masa ransa aka tambaya.

Wanda bai zo ba kuma a je masa cikin makon, zumunta a ƙafa take. Saƙon waya yana da amfani, amma ba ya ganin fuska. Da ana haka, 'yar ajinki ba za ta yi sati guda a kwance ba a sani ba. Ki fara da ita, ki je ki gaishe ta, ki roƙe ta ta zama cikin na farko da za su zauna tare da ke.

Wesley yana da tsanani. Kowane wata uku yakan sabunta wa mambobi tikitin shaidar zama mamba, wanda ya yi sakaci ba a sabunta masa. A birnin Newcastle na Ingila a 1743 ya cire mutum 64, cikinsu 17 saboda buguwa, ɗaya saboda dukan matarsa, 29 kuma saboda wasa da al'amarin Allah. Ban ce ki ɗauki wannan sanda ba, ba ma hurumin shugabar aji ba ne. Na kawo shi ne don ki ga ya san mutanensa har ya iya faɗin damuwar kowane ɗaya. Mu da ba mu san wanda ke kwance ba, da sauranmu kafin mu kai ga zancen horo.

Dattawa da matasa kuwa, kada ki yi gardama da su. In akwai hali a sayi kayan kiɗa, Metodis mutanen waƙa ne tun daga Charles Wesley, ƙanen John, da ya rubuta waƙoƙi sama da 6,000. Falkaswa ma a yi. Roƙo ɗaya za ki kai wa majalisar ikkilisiya: duk wanda ya fito gaba a bana, kafin ya bar majami'a a daren a haɗa shi da shugaban aji, a gaya masa rana da wurin zama.

TAMBAYA: Baba, mene ne asalin Sujadar Alkawari da muke yi a farkon shekara? Ni dai ina karanta addu'ar tare da jama'a, amma wani wuri a cikinta yana ba ni tsoro. — Wani matashi

AMSA: Ɗana, tsoron nan alama ce kana sauraron abin da bakinka yake faɗa. Wesley ya fara yin wannan sujada ran 11 ga Agusta, 1755, a wata majami'ar Faransawa da ke unguwar Spitalfields a Landan, wajen mutum 1,800 suka miƙe tsaye suka ɗauki alkawarin. Kalmomin ya ɗauko su ne daga rubutun wani mai wa'azi na ƙarnin da ya gabace shi, Richard Alleine. Daga baya aka saba yin ta a farkon sabuwar shekara.

Na san wurin da kake nufi, inda muke ce wa Allah mu ba na kanmu ba ne, ya sa mu aiki ko ya ajiye mu gefe, ya ba mu ko ya hana mu. Ni ma da furfurata nakan ji nauyin wurin nan. Amma ka lura da tsarin sujadar: kafin a kai ga alkawarinka, an fara tuna maka alkawarin da Allah ya riga ya yi cikin Kristi, an yi godiya, an furta zunubi, an ji albishir na gafara. Bayan addu'ar kuma sai a zo Jibin Ubangiji. Wanda kake miƙa wa kanka ya riga ya ba da kansa dominka.

Ka nemi takardar addu'ar mako guda kafin ranar, ka karanta ta a hankali kai kaɗai. Layin da ya tsaya maka a wuya ka kai shi zaman ajinku, ka faɗa musu dalili, ka roƙi su yi addu'a tare da kai a kansa. In ba ka cikin aji, ka sami Rabaran ran Lahadin nan ya sa ka a ɗaya.